Kafin Ka Biya Kuɗin Babur Na Hannu, Duba Sarƙa Da Kuloci

 

Duk wanda ya fara kiwo, ko da kaji 100 ne a bayan gida ko tanki ɗaya na tarwaɗa, ba ya daɗewa yake gane akwai wani kashe kuɗi da bai sa a lissafi ba, wato sufuri. Yau ka ɗauko abinci, gobe ka kai ƙwai shago, jibi ka yi sammako tasha tarbar 'yan tsaki, ga ɗiban garin katako, ga kai kifi wurin masu gashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗan acaɓa da na adaidaita sahu ya zama wani abokin cin riba. Shi ya sa da yawa daga cikinku suke tunanin mallakar babur. Sabo kuwa ya yi tsada, don haka na hannu ake nema: Boxer, TVS, Jincheng, Haojue da makamantansu.

Ni ma da babur na hannu nake hidimar gonata, kuma na sha raka mutane ciniki. Abin da na lura shi ne mai saye yana tsayawa ne a kan fenti, kujera, fitila da ƙarar inji. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da dillali ya fi iya gyarawa da kuɗi kaɗan. A wanke babur, a goge shi da mai, a sa sabuwar rigar kujera da sitika, sai ka rantse bai shekara ba. Agogon kilomita ma ba abin dogaro ba ne, don wasu an cire wayarsa tun tuni. Amma sarƙa da kuloci suna ɗauke da tarihin wahalar da babur ya sha. In ya yi acaɓa, in ya yi dakon buhuna, in mai shi ba ya canza baƙin mai, a nan za ka gani.

ME YA SA SU BIYUN NAN SUKA FI DAMUN MAI KIWO?

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giya, daga giya ya hau sarƙa, sarƙa ta juya tayar baya. Duk nauyin da ka ɗora, su ne ke jan sa. Mu kuwa kayanmu nauyi gare su. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, huɗu sun zama kilo 100, ban da kai kanka. Buhun abincin kifi mai yawo a saman ruwa yawanci kilo 15 ne. Jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce, kuma ruwan yana tangaɗi a hanya.

Sannan kayanmu ba sa jure fizga, ba sa jure jira. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Ka ɗaura kiret goma a baya, sarƙa mai sako-sako ta fizge ka sau biyu a hanyar burji, ka san abin da za ka tarar. 'Yan tsakin da suka kwana a mota daga Ibadan sun riga sun galabaita, in sarƙa ta zame maka da tsakar rana ka tsaya neman bakanike, zafin kwali kaɗai ya isa ya kashe wasu. Haka 'ya'yan kifi a jarka: iskar da ke cikin ruwan tana ƙarewa, ba ruwanta da uzurinka. Allurar rigakafin Gumboro ko Lasota da ke cikin kula, ƙanƙara na narkewa ƙarfinta ya fara tafiya. Ga ma'aikacin ofis, lalacewar babur makara ce kawai. Ga mai kiwo, jari ne ke zubewa.

SHIRIN DA ZA KA YI KAFIN KA TAFI

Ka je da rana, ba da magariba ba. Ka ce kada a tayar da babur kafin ka iso, kana son ka same shi da sanyinsa. Ka riƙe tsumma, fitilar waya da ƙaramin tef na awo ko rula. Ka tafi da bakaniken da kai ka sani, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Kafin nan ka biya ta shagon kayan gyara ka tambayi farashin sarƙa da farantanta biyu, da faifan kuloci, da wayar kuloci na irin babur ɗin, a ranar. Da wannan farashin za ka yi ciniki. 'Yan uwa mata masu kiwo da za su aiki maigida ko ƙane ko yaron gona, ku ba shi wannan rubutu ya karanta kafin ya fita.

DUBA SARƘA

A ɗora babur a kan babban jaki yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa. Inji a kashe. Ina nanatawa, a kashe. Mutane da yawa sun rasa yatsu wajen taɓa sarƙa inji yana aiki.

Boxer da irinsa suna zuwa da murfin da ke rufe sarƙa gaba ɗaya, da ɗan rami na leƙawa. Kada ka wadatu da leƙe, ba a cinikin biri a sama. Ka ce a kwance murfin, aikin minti biyar ne. In ka ga cikin murfin ya goge har ƙarfe yana ƙyalli, sarƙar ta daɗe tana dukansa, alamar an daɗe ana hawa da ita sako-sako.

Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, amma ba miƙewa take kamar roba ba. Kowace gaɓa tana da ɗan ƙusa a ciki da take juyawa a kansa. Ƙurar hunturu da yashi da taɓon damina suna shiga, su haɗu da mai, su riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Kowace gaɓa ta ɗan yi sako-sako, in ka tara gaɓoɓi sama da 100 sai sarƙa ta ƙara tsawo. Ga yadda nake gane hakan.

Na farko, ka je can bayan babban farantin baya mai haƙora, wanda kanikawa ke kira sifiroket. Ka kama sarƙa da yatsu biyu a daidai bayan farantin, ka ja ta baya. Lafiyayyar sarƙa da ƙyar za ta motsa. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haske yana ratsawa tsakaninta da faranti, ta gama aiki.

Na biyu, awo. Yawancin ƙananan baburan nan suna amfani da sarƙa mai lamba 428 ko 420, kuma tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne. Ka sa a danne sarƙa ta miƙe sosai, ka auna daga tsakiyar ƙusa na 1 zuwa tsakiyar ƙusa na 21, wato gaɓa 20. Sabuwa milimita 254 take bayarwa. In ka ga ta kai wajen 259 ko 260, sai canji.

Na uku, ka dubi wurin ɗaure sarƙa, inda ƙarfen tsakiyar tayar baya yake. Akwai 'yan zane-zane a gefe biyu. In an ja taya har ƙarshen zanen baya, babu sauran wurin ɗaurewa. Akwai kuma wayon da ake yi: a yanke gaɓa biyu a mayar da taya gaba, sai ka ɗauka sarƙar sabuwa ce. In ka ga taya tana can gaba amma sarƙa tsohuwa, haƙora sun cinye, to an yanke ta. Ka kuma tabbatar zanen dama da na hagu sun yi daidai, don in taya ta karkace, gefe ɗaya na haƙora ne zai riƙa cinyewa.

Na huɗu, ka juya taya a hankali da hannu, kana taɓa sarƙar ƙasa a tsakiya, kana ɗaga ta sama da ƙasa. Wasan da ya dace wajen milimita 20 zuwa 30 ne, kusan faɗin yatsa ɗaya da rabi. Ka gwada a wuri huɗu ko biyar. In nan ta yi tauri can ta yi sako-sako, cinyewar ba daidai take ba, kuma irin wannan sarƙar ba ta ɗauruwa: ka ɗaure wuri ɗaya, ɗayan ya matse. Ita ce mai fizgar da ke fasa ƙwai. Ka lura da gaɓar da ta ƙage ba ta lanƙwasa, da jan gari kamar tsatsa a bakin ƙusoshi, alamar cikin ya bushe yana cin kansa.

Na biyar, mahaɗin sarƙa. Akwai ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin kifi da ke kulle shi. Rufaffen kansa ya kamata ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya. In ka tarar an ɗaure wurin da waya, ka san irin kulawar da babur ɗin ya samu.

HAƘORAN FARANTI

Haƙorin sabon faranti yana da ɗan faɗi a kai, gefensa biyu iri ɗaya. Wanda ya cinye yana tsini kamar ƙaya, ko ya lanƙwashe gefe ɗaya kamar lauje. Wasu suna kwance farantin su juya bayansa don ya ƙara kwana, sai ka ga lanƙwasar ta juya.

Amma wanda ya fi muhimmanci shi ne ƙaramin farantin gaba, wanda ke ɓoye a bayan murfi a gefen hagu na inji. Haƙoransa kaɗan ne, saboda haka ya fi saurin cinyewa, kuma ba kowa ke buɗe shi ba. Ka sa a buɗe. Ka kama shi ka girgiza. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in yana kaɗawa sosai a kan sandar da ta fito daga giya, sandar ce ta fara cinyewa. Kwanakin baya na raka wani matashi da ke shirin fara kiwon tarwaɗa duba wani babur, fenti sumul, inji shiru. Da aka buɗe murfin nan sai muka tarar an yi wa farantin walda a jikin sandar. Ma'ana duk ranar da farantin ya ƙare, sai an yanke waldar, kuma gyaran gaskiya sai an tsaga inji gida biyu an canza sandar. Muka yi sallama muka tafi. Ka kuma duba ko baƙin mai yana tsiyaya daga bayan farantin.

Kafin ka tashi daga nan, ka riƙe tayar baya da hannu ɗaya, ka murɗa babban faranti gaba da baya da ɗayan. Akwai robobi a cikin cibiyar tayar da ke shanye fizga. In faranti yana wasa yana ƙwas-ƙwas, robobin sun mutu. Ba su da tsada, amma ga mai ɗaukar ƙwai canza su dole ne.

DUBA KULOCI

Kulocin waɗannan babura faya-fayai ne da aka jera, na fata da na ƙarfe bi da bi, sifirin yana matse su, duk suna cikin baƙin man inji. Ka matsa hannun kuloci su rabu, ka saki su kama. Matsalarsa iri biyu ce: ko ya riƙa sulɓewa ba ya kamawa sosai, ko ya ƙi rabuwa sosai.

Fara da hannun. Ya kamata ya ɗan yi wasa kafin ka ji ya fara ja, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen mariƙin. In babu wasa ko kaɗan, an daɗe ana tafiya kuloci a ɗan buɗe, faya-fayan suna ƙonewa. Dubi notin gyara na sama da na ƙasa kusa da inji: in an kai su ƙarshe, babu sauran gyara. Dubi wayar ko ta fara tsintsinkewa a baki. In hannun ya yi tauri ƙwarai, ko waya ce ta bushe, ko kuma an cusa washa a ƙarƙashin sifirin don a ɓoye sulɓi. Wannan dabara ce da ke kai babur kasuwa, ba ta kai shi damina.

Zaro ma'aunin baƙin mai ka shafa a yatsa ka shinshina. Warin ƙuna alamar kuloci ya sha zafi. In ka ga ɗan ƙyalli kamar garin ƙarfe a cikin man, ka yi hattara. Dubi notocin murfin inji na dama: in kawunansu sun tauye, ga gam ya fito ta gefe, an sha buɗe wurin. Ka tambayi dalili.

Yanzu a tayar. Ka saurari inji yana firi, sannan ka matsa kuloci. In akwai ƙara mai yawa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ta ɗauke da ka matsa, gidan kulocin ya yi sako-sako. 'Yar ƙara kaɗan a tsohon babur ba abin tsoro ba ce, mai yawa ce matsala.

Matsa kuloci har ƙarshe ka sa giya ta ɗaya. In babur ya zabura gaba da ƙarfi ko ya mutu, ko yana jan jiki alhali kana riƙe da kuloci, ba ya rabuwa sosai. Wata alamar ita ce wahalar samun firi in inji ya yi zafi. Ka tuna za ka riƙa tsayawa a cunkoson kasuwa da kaya a baya.

Saki a hankali ka lura da inda yake kamawa. Lafiyayye yana fara kamawa wajen tsakiya, sumul. In sai ka kusa sakin hannun gaba ɗaya yake kamawa, faya-fayan sun yi siriri. In yana karkarwa lokacin tashi, faifan ƙarfe ya lanƙwashe ko gidan kuloci ya yi tsaga-tsaga.

Babban gwaji shi ne na kaya. Babur marar kaya yana ɓoye sulɓi. Ka goya bakaniken naka, in da hali a ƙara buhu ɗaya, ku yi tafiyar minti 10 zuwa 15 inji ya yi zafi. Ka nemi ɗan hawa, ka sa giya ta ƙarshe kana tafiya a hankali, sai ka murɗa totur sosai. In ƙarar inji ta tashi sama amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana sulɓewa. In kuwa ka ji ƙarar ɓas-ɓas daga baya tare da fizga, wannan sarƙa ce ke tsallake haƙora. Kada a haɗa maka su biyun.

Akwai gwajin tsaye: ka riƙe birki da kyau, ka sa giya ta biyu ko ta uku, ka ɗan ba shi wuta, ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In ka saki gaba ɗaya inji yana ci gaba da kuka, ya ƙare. Sau ɗaya ake yi, na 'yan daƙiƙu, kuma da izinin mai shi.

Masu son roba-roba, shi ba shi da hannun kuloci, da kansa yake kamawa in inji ya ɗau wuta. Gwajin hawa da kaya ɗaya ne. Ka kuma duba ko yana jan jiki a giya alhali ba ka taɓa totur ba.

YADDA ZA KA YI CINIKI DA ABIN DA KA GANI

Ba kowace matsala ce ke sa a fasa saye ba. Ni kashi uku nake raba su.

Ƙananan gyara: wayar kuloci, robobin cibiyar taya, mahaɗin sarƙa, ɗaure sarƙa. Waɗannan ka ambata su kawai a ciniki.

Matsakaita: sarƙa da farantai, ko faifan kuloci da sifirin. Ka cire farashinsu da kuɗin aiki daga kuɗin babur, ka gyara kafin ka fara ɗora kaya. Sarƙa da farantai biyu tare ake canza su. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa, kuɗinka ne za ka biya sau biyu. Kuma ka sayi mai kyau, sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Manya: farantin gaba da aka yi wa walda, sandar giya da ta cinye, garin ƙarfe a baƙin mai, giya da ke fita da kanta. A nan shawarata ka haƙura ka nemi wani, sai dai in farashin ya faɗi ƙasa sosai kuma bakanikenka ya yi maka lissafin tsaga inji. Kada ka ɗebi kuɗin abincin sati na biyar da na shida na kajinka ka zuba a gyaran da ba ka san ƙarshensa ba. Kaji masu nama a makonnin ƙarshe suka fi ci, kuma ba sa jiran a gama gyaran babur.

Duk kyan babur, kada ka biya sai ka ga rasit da takardu, ka gwada lambar inji da ta jikin firam da abin da ke rubuce, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu.

BAYAN KA SAYA

Ka wanke sarƙa da kalanzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka sa mata man giya mai kauri lamba 90, kusan duk kilomita 500, da kuma duk lokacin da ka ratsa ruwa ko taɓo. Ka goge wanda ya yi yawa don kada ya kwashi yashi. Kada ka ɗaure ta tamau. In ka ɗora kaya bayan babur ya zauna, sarƙa tana ƙara matsewa, kuma matsattsiyar sarƙa tana kashe boris.

Baƙin mai kuwa, ka nemi na babur mai alamar JASO MA a jikin roba. Wasu man motoci suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur sulɓewa. Ka tashi da giya ta ɗaya in kana da kaya, ka daina riƙe rabin kuloci a hawa ko a cikin yashi, ka sauko giya maimakon haka. In kaya sun yi yawa, sawu biyu ya fi arha a kan faifan kuloci da kiret ɗin ƙwai.

Wanda ke da bakanike amintacce, ya kai masa babur duk wata ya duba waɗannan wurare biyu, kamar yadda muke duba ma'aunin abinci da ruwan tanki. Allah ya sa albarka a kiwo, ya ba da kasuwa.